Kafet ɗin but ɗin motarka, Yaya Iliya

Zuwa ga yayana, Malam Iliyasu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Gaisuwar ƙanwa ce ga yayanta, tare da fatan kana cikin rahamar Ubangiji, makwancinka da haske da yalwa. Mu da ka bari muna nan lafiya gwargwadon hali. Matarka Anti Binta tana samun sauƙi a hankali, 'yarka Zainab tana nan a wurin aikinta a Gaithersburg, ni kuma har yau ina aiki a asibitin da ka sani, bayan watannin da na yi ina kai da komo tsakanin gidana na Beltsville da gidanka na Woodbridge duk ƙarshen mako.

Na san ba a aika wa wanda ya riga mu gidan gaskiya takarda. Amma akwai maganar motarka da ta cika mini ciki, kuma abokan aikinka na gidan rediyo sun dame ni da tambayar inda ta kwana. Shi ya sa na ce bari in rubuta maka a nan shafina. Duk wanda ya leƙo ya karanta, amma da kai nake.

Ka tuna ranar da aka jawo ta gidan a bayan babbar mota? 'Yar ƙaramar motar Turai mai kujera biyu, rufinta na yadi ne da ake naɗewa, shekarunta sun kusa naka. Daga wata gona ka samo ta, ɓeraye sun yi gida a kujerunta, tsatsa ta cinye ƙofa ɗaya. Na tsaya ina toshe hanci, kai kuma kana zagaya ta kana murmushi kamar an ba ka kujerar Makka.

Ni kaɗai a wurin na san daga inda abin ya samo asali. Muna yara a Samaru wani malamin jami'a yana da irinta. Kakan ja hannuna mu bi ta ƙofar gidansa ko da ba nan aka aike mu ba, ka tsaya kana kallo har sai na fara kukan rana ta dame ni.

Shekaru ka yi a garejin nan. Ka sauko daga jirgin ƙasa da yamma, ka ci abinci, ka sa tsohuwar rigar nan mai tabon baƙin mai. Injin ya tashi, aka yi fenti kore mai duhu, kujeru suka samu sabuwar fata. Duk wanda ya tambaye ka yaushe za a gama, amsarka ɗaya ce: "Saura kaɗan."

Ana cikin haka Anti Binta ta samu shanyewar ɓarin jiki, ta koma zama a keken marasa lafiya. Ka daina shiga gareji wata da watanni. Daga baya ka koma, kuma ka fi da daɗewa a ciki. Ba wanda ya ce maka komai, amma ni na ga yadda take kallon ƙofar garejin idan ka rufe ta.

Sai zuciyarka ta tsaya rana ɗaya, ba jinya, ba sallama.

Bayan an gama takaba aka yanke shawarar sayar da gidan, saboda matakalar bene ta fi ƙarfin Anti Binta, za ta koma wurin Zainab. Ranar da muke haɗa kaya ta kira ni ta ce, "Rakiya, ki raba ni da motar nan. Ban taɓa zama a cikinta ba, kuma ba don ni aka yi ta ba. Kujera a ƙasa kamar tabarma, ina ni ina ita?" Ban yi mata gardama ba.

Abokinka na ƙungiyar masu tsofaffin motoci, dattijon nan Ba'amurke Mista Harold, shi ya samo mai saye. Ya ce mutumin yana son komai daidai yadda kamfani ya fito da shi. Mai sayen ya duba motar ciki da waje, ya ce abu ɗaya ya rage: but ɗin baya tsirara yake, ƙarfe ne da fenti, ba kafet. Idan aka shimfiɗa shi an gama.

Yaya, dariya na yi. Na ɗauka irin na kasuwar Sabon Gari ne, a je a ce a yanko yadi kaza, a zo a shimfiɗa. Ashe makaranta na shiga.

Ban taɓa sanin kafet ɗin but yana da dangi haka ba. Akwai mai gashi a tsaye, akwai mai saƙar madauki ƙanana kamar tawul. Akwai na ulu, akwai na roba da ke kwaikwayon ulu. Gefensa ma ana bi da ɗinkin fata ko na yadi, kuma masu abin suna gane shekarar mota daga wannan ɗinkin kawai. Wani guda ɗaya ne da aka gasa ya ɗauki siffar but ɗin, wani kuma gunduwa-gunduwa yake zuwa, kowanne da inda ake manna shi. Na sami kaina a lokacin hutun cin abinci a asibiti ina ƙara girman hotunan bayan motocin mutane a waya, abokan aikina suna tambayata ko lafiya.

Na farko da na yi oda laifina ne. Na ga sunan motar na danna kawai. Da ya iso baƙi ne wuluk, alhali na cikin motar ruwan toka ne, kuma bai kai bango ba. Na kira masu sayarwa, wata mata mai haƙuri ta ce in karanto mata lambar da ke jikin ƙarfen ƙofa. Daga lambar ta gane cewa motarka ta fito ne a tsakiyar shekarar da kamfanin ya sauya wurin tankin mai, don haka ta farkon shekarar daban, ta ƙarshenta daban. Na ji daɗin wannan bayani fiye da yadda ya kamata. Na ce ashe abin da kake karantawa ke nan a littattafan nan masu maiƙo.

Na biyu ya zo daidai da lambar. Launi daidai, saƙa daidai, har ƙamshinsa na ulu ne. Na ɗauko shi daga Beltsville ranar Asabar, na sha cunkoson babbar hanyar nan da kake yawan ƙorafi a kanta, na iso da murnata. Na shimfiɗa. Ta hagu ya yi tudu, ta dama ya faɗa rami. A tsakiya akwai huda da aka yi don ƙarfen da ke riƙe tayar safaya, na laluba ƙarƙashinta, ba ƙarfe, ba alamarsa. Na juya shi gaba ya koma baya, na kife shi, na danna da gwiwa. Ya ƙi zama.

Mista Harold ya zo da tocilan. Ya sunkuya ya daɗe, sannan ya kwanta a ƙasa ya leƙa ta ƙarƙashi, ya miƙe yana shafa gemu. Ya nuna mini layin walda siriri a ƙarƙashin fenti. An yanke ƙasan but ɗin ta dama an saukar da shi, an cire mariƙin safaya, an matsar da batir zuwa lungu aka yi masa akwati. Na ce wataƙila mai gonar ne ya yi hatsari da ita aka gyara. Ya girgiza kai. Ya ce shi da kai kuka kankare tsatsar wannan but ɗin a shekarar farko, kuma a lokacin yadda kamfani ya yi shi yake. Duk wanda ya yi wannan aikin, bayan nan ya yi.

Wato kai ne.

Abin ya ɗaure masa kai fiye da ni. Ya ce kai ne mutumin da ya mayar da fitilar baya saboda gilashinta bai yi daidai da na asali ba. Me zai sa irinka ya sa wa motarsa wuƙa? Mai saye da ya ji labari ya ce shi fa sai an mayar da but ɗin yadda yake, in ba haka ba ya fasa. Mista Harold ya ce aikin ba wuya, ya san mai yi, a yanke naka a walda na asali, kafet ɗin da na saya ya zauna lafiya.

Na ce ya ba ni lokaci. Ba wai na san wani abu ba ne. Kawai ban iya sa a yanke abin da ban gane dalilinsa ba.

Mun yi ta canke ni da Zainab. Ita ta ce wataƙila lasifika kake son sakawa, tunda kai mutumin rediyo ne. Ka san ta, ina yi mata Hausa tana ba ni amsa da Turanci, muna fahimtar juna sarai. Ni na ce ko kular shinkafa ta ranar Sallah, don na san yadda kake jin haushin miya ta zube a mota. Muka ɗauko kular muka gwada, ta yi ta yawo a ramin. Muka gwada akwatin tafiyarka na Kano, murfin ya ƙi rufuwa. A saman kanta a gareji kuma na tarar da wani ƙarfe mai sheƙi har yanzu a ledarsa, irin wanda ake ɗaurawa a kan murfin but ta waje. Mista Harold ya ce nan za a ɗaure safaya ke nan. To, ka fitar da taya waje don ka samu wuri a ciki. Wurin mene ne?

Matar nan ta waya ce ta ba ni shawara ba tare da ta sani ba. Ta ce idan but ya saɓa wa na kamfani, sai a yanka kwali daidai siffarsa a kai wa mai ɗinkin kujerun mota. Kwali kuwa ba ma rasa shi, gidan cike yake da na ƙaura. Na tura motar bakin ƙofar gareji don in samu hasken rana, na ɗauki almakashi da fensir, na zura kaina ciki.

Ina bin gefen ramin da yatsa sai na ga wasu zane-zane a jikin fenti. Ba karce ba ne, goga ce, ruwan toka, ta lanƙwasa kamar bakin faranti. Ɗaya a bangon dama, ɗaya kusa da makullin murfi. Na goga da babban yatsa, ta ɗan fita, ta bar mini burbushin roba ruwan toka.

Yaya, na san wannan alamar. Kullum ina ganinta a ƙasan bangon asibiti, a bakin ƙofar banɗaki, a jikin lif. Tayar mota baƙi take bari. Wannan tokar ta tayar keken marasa lafiya ce.

Na daɗe a durƙushe a wurin da almakashi a hannu.

Anti Binta ta yi sallar azahar ta kishingiɗa a doguwar kujera, barci ya ɗauke ta. Na shiga a hankali na tura kekenta zuwa gareji, na naɗe shi, na ɗaga. Da farko ya ƙi shiga, hannayensa suka tokare. Na juya shi, babbar tayar ta fuskanci dama. Sai ya sulale ya zauna da kansa, tayar ta faɗa cikin ramin, gefenta ya kwanta daidai kan zanen tokar nan. Na sauke murfi da yatsa biyu. Ya rufe, ƙyas.

Na buɗe na sake rufewa. Ban san me ya sa ba, sai da na yi haka ya fi a ƙirga.

Da ta farka ta ga ba keke, ta ƙwala mini kira. Na zo na ce mata yana gareji, kuma ina so ta zo ta gani da idonta. Na zaunar da ita a kujerar ofishinka mai taya, na tura ta har can tana faɗa, wai wane irin sakarci ne wannan. Na ɗaga murfin but ɗin na koma gefe.

Ta kalli keken. Ta kalli motar. Na nuna mata layin walda, na gaya mata abin da Mista Harold ya ce, na nuna mata ƙarfen safaya a ledarsa. Can sai ta ce, "Shi ya sa." Na ce shi ya sa me? Ta ce sau da yawa takan farka daga barcin rana ta tarar ba keken a gefen gado. Idan ta kira ka sai ka dawo da shi da sauri ka ce mai kake sa wa tayoyin. Ta ce har faɗa ta taɓa yi maka, ta ce wane irin keke ne wannan da ya fi injin markaɗe shan mai.

Ta fara dariya, dariyar ta juye ta zama kuka. Sannan ta yi fushi, Yaya, fushi na gaske. Ta bugi hannun kujera da hannunta mai lafiya ta ce, "Me ya hana shi buɗe baki ya gaya mini? Ina can ciki ina cewa ya gaji da ni ne ya gudo nan." Na riƙe kafaɗarta kawai har ta yi shiru.

Wannan tambayar nake miƙo maka. Me ya hana ka? Jira kake sai ka shimfiɗa kafet, ka ɗaura safaya, ka fito da motar ƙofar gida tana sheƙi sannan ka ce mata ta taso? Ko tsoro kake kada ka yi mata alkawari likita ya ce ba za ta iya ba? Na san halinka, tun muna yara ba ka nuna abu sai ya kammala. Amma da ka ɗan buɗe mata ƙofar garejin nan ko sau ɗaya.

Washegari ita da kanta ta ce in kira Mista Harold. Ta gaya masa ya ba mai saye haƙuri, ba za a yanke komai ba, kuma motar ba ta sayarwa ba ce. Da na nuna masa keken a ciki, dattijon nan ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi da gefen riga. Ya ce a gasar ƙungiyarsu za a rage wa motar maki saboda wannan but ɗin, kuma shi zai so ya ga alƙalin da zai iya rage shi a gabansa.

Na gama yanka kwalin. Na kai wa wani ɗan Gana mai ɗinkin kujerun mota kusa da gidana, muna ciniki da Hausarsa ta Kumasi ina ta murmushi. Matar waya ta aiko mana da irin ulun nan na asali a naɗe, ba a yanka ba. Mai ɗinkin ya yanka shi gida uku yadda zai bi ramin ba tare da ya tattare ba, ya bi gefen da fata kalar kujeru, ya sa wani faifan roba mai kauri a inda tayar keken ke zama don kada ta cinye ulun. Anti Binta ce ta zaɓi zaren ɗinki. Na kamfanin kuma na mayar musu da kayansu.

Ranar da na shimfiɗa shi ya kwanta kamar a nan aka haife shi. A lokacin ne na lura da wani ɗan ƙarfe mai ƙugiya da ka walda a can sama ta hagu, bayan fitila. Na gwada jakar maganinta, na gwada sandarta, na gwada matashin keken. Babu wanda ya dace. Har yau ban san na mene ne ba. Na mayar wa mai ɗinki da kafet ɗin ya huda wa ƙarfen wuri ya bar shi a waje, ko wata rana za mu gane.

Shigar da ita motar bai zo da sauƙi ba, kada in yi maka ƙarya. Kujerar tana ƙasa sosai. Sai da na yi dabarar da muke yi a wurin aiki, Zainab ta riƙe ta ta baya, muka juya ƙafar mai ciwo a hankali. Ta yi nishi, ta ce mu bari, sannan ta ce mu ci gaba. Da ta zauna ta ɗaure ɗankwalinta tamau, ta ɗora mayafi ta soke shi a wuya. Zainab ta naɗe keken ta sa a baya, ta tsaya a bakin hanya tana ɗaukar mu a waya.

Ni na tuƙa. Giyar hannu da ka koya mini a filin makaranta a Zariya ba ta gudu ba, ko da yake motar ta mutu mini a fitowa. Muka bi ƙaramar hanyar nan ta bakin kogi. Lokacin kaka ne, ganyaye sun yi ja da rawaya suna zubo mana a cinya. Ina tafiya a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai, ina satar kallonta ko iska ta dame ta. Ba ta kalle ni ba. Idonta na kan hanya ta ce, "Rakiya, haka yayanki zai tuƙa ta? Taka mana."

Na taka, Yaya. Injin nan naka ya buɗe murya, mayafinta ya kwance yana kaɗawa a baya, ta kama shi da haƙori tana dariya.

Da muka dawo na zagaya zan fito da keken, ta ɗaga mini hannu. Ta ce in bar ta tukuna. Na shiga gida na bar ta zaune a ƙofar gareji, hannunta mai lafiya a kan sitiyari ta ɓangarenka. Ta taga na ga bakinta yana motsi. Ban san ko addu'a take yi ba ko faɗan da ta ɗauko ne take ƙarasa maka. Ban tambaye ta ba.

An sayar da gidan. Motar tana garejina a Beltsville, kuma duk Asabar ɗin da ba ni da aiki kuma ba ruwan sama, nakan je Gaithersburg in ɗauko ta. Yanzu ita ke zaɓar hanya.

Allah Ya jiƙanka, Yaya Iliya. Allah Ya gafarta maka, Ya sa aikin da ka yi a ɓoye don matarka ya tarar da kai a mizani. Allah Ya ƙara mata lafiya, Ya raya Zainab, Ya haɗa mu da kai da iyayenmu a gidan da ba ciwo, ba rabuwa. Amin.

Taka har kullum,
ƙanwarka Rakiya